Idan Lauya Ya Ci Amana, Ina Manomin Mahuta Zai Kai Kuka?

Ƙasar Malumfashi ba baƙuwar shari'a ba ce. Marigayi Mai shari'a Mamman Nasir, wanda ya zama lauya a Ingila a 1955, ya riƙe Ministan Shari'a na Jihar Arewa a zamanin Sardauna, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, sannan ya dawo gida ya zauna a matsayin Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi, har Allah ya karɓi ransa a watan Afrilun 2019. Wanda ya gaje shi a sarautar, Mai shari'a Sadiq Abdullahi Mahuta, shi ma tsohon Babban Jojin Jihar Katsina ne. Yankuna kaɗan ne a Arewa za su iya bugun ƙirji da irin wannan. Amma a tsaya a kasuwar Mahuta, ko ta Bakori, ko ta Dandume, a tambayi manoma inda ake kai ƙarar lauya idan ya riƙe wa mutum kuɗi. Amsar da za a fi ji ita ce: "Lauya kuma? Wa zai ja da lauya? Sai dai a bar shi da Allah."

Barin mutum da Allah hali ne na mumini. Sai dai a wannan magana akwai hukumar da doka ta kafa musamman don ta saurari irin wannan kuka, tana kuma da ikon raba lauya da rigarsa. Rashin saninta a karkarar Funtua da Malumfashi ba laifin manomi ba ne. An gina ta ne nesa da shi, da harshen da ba nasa ba, kuma babban abin da aka gina ta ta kare shi ne mutuncin sana'ar, ba aljihun wanda aka cuta ba.

Lauya sabon shiga ne a rayuwar talakan wannan yanki. A zamanin Turawa ba a barin lauya ya tsaya gaban alƙali a kotunan gargajiya na Arewa, kuma dokar kotunan yanki da ta biyo baya ta ci gaba da toshe wannan ƙofa. Sai bayan tsarin mulkin 1979, wanda ya ba duk wanda ake tuhuma 'yancin ɗaukar mai kare shi, manyan kotuna suka fara rusa wannan shinge. Wakilci kansa ba baƙo ba ne a Musulunci, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke karantawa, irin su Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi babi guda a kansa, kuma wakili a wurinsu amintacce ne da za a tambaye shi abin da aka damƙa masa. Abin da yake sabo shi ne wakili mai baƙar riga da farin gashi, wanda ake biya, wanda takardunsa da Turanci suke.

Wanda ke shakkar amfaninsa ya tuna da shari'ar Amina Lawal ta Kurami. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa ba tare da lauya a gefenta ba. Babbar kotun shari'a ta Funtua ta tabbatar da hukuncin a watan Agustan shekarar. Lauyoyi ne, a ƙarƙashin jagorancin Aliyu Musa Yawuri, da Hauwa Ibrahim a cikinsu, suka bi maganar da hujjojin fiƙihu har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta soke hukuncin a ranar 25 ga Satumba, 2003. Sana'ar da ke iya ceton rai haka, ita ce kuma ke iya tsiyata gida guda idan ta faɗa hannun maras tsoron Allah.

Kuma yadda take tsiyatarwa a nan ba ya kama da abin da jaridun Legas ke bugawa. Ba biliyoyin man fetur ba ne. Gonar gado ce da magada suka yarda a sayar, mai saye ya zuba kuɗin a hannun lauya, watanni suka shuɗe ana ce wa marayu "banki ne bai sake su ba". Diyyar gona ce da hanya ko wata ma'aikata ta ci, lauya ya karɓo a madadin mutanen ƙauye, ya cire abin da ya ga dama ba tare da an taɓa rubuta nawa ne ladansa ba. Ɗan kasuwar masara ne da ya ba da kaya bashi, ya ɗauki lauya ya karɓo masa, wanda ake bi ya biya, amma mai kuɗin bai sani ba sai da suka haɗu a wurin jana'iza. Uba ne da ɗansa ke tsare, aka ce ya kawo "kuɗin beli" da "na alƙali", ya sayar da buhunan waken suya da ya ajiye don takin baɗi. Akwai kuma wanda bai saci ko kwabo ba, amma ya karɓi kuɗin aiki ya daina zuwa kotu, har aka kori ƙarar, ko ya bari lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Shi manomi bai san an kore ta ba, yana nan yana jiran a kira shi.

Duk waɗannan suna da suna a doka. Dokar Lauyoyi ta 1975, wadda aka yi wa gyare-gyare, ita ce ta kafa Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ake taƙaita sunansa da LPDC, a ƙarƙashin majalisar dattawan sana'ar da ake kira Body of Benchers, wato majalisar da ke rantsar da sababbin lauyoyi. Laifuffukan da kwamitin ke hukuntawa sun haɗa da aikin ashsha a cikin sana'a, da samun mutum da laifi a kotu irin wanda bai dace da lauya ba, da shiga rajista ta hanyar yaudara, da duk wani hali da ke zubar da ƙimar rigar ko da a wajen aiki ne. Hukuncin kuwa hawa uku ne: jan kunne, dakatarwa na wani lokaci, ko umartar Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ya goge sunan mutum daga rajistar lauyoyi. Akwai kuma wani iko da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi shafar talaka: kwamitin na iya umartar lauya ya mayar da kuɗi ko takardun da ya riƙe.

Dokokin ɗa'ar aiki na 2007, waɗanda aka sabunta a 2023 suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024, sun fito fili a kan kuɗi. Abin da lauya ya karɓa a madadin wani ba nasa ba ne, ba ya haɗa shi da nasa, kuma wajibi ne ya sanar da mai shi ba tare da jinkiri ba. Tun 1964 akwai ƙa'idar da ta tilasta wa lauya buɗe asusun banki na daban don kuɗin mutanen da yake wakilta. Ko ladansa ne yake bi, doka ba ta ce ya yanka da kansa a ɓoye ba. Ta ce ya rubuta takardar cajin aikinsa dalla-dalla ya miƙa, kuma ba zai kai mutum ƙara a kanta ba sai bayan wata guda. Wanda aka caja yana da damar roƙon kotu ta duba ko cajin ya wuce kima. Manomi nawa aka taɓa gaya wa haka a ofishin lauya?

Kada a ce dokar ba ta cizo. A 2005 Kotun Ƙoli ta tabbatar da goge sunan lauya Charles Okike saboda kuɗin da ya karɓo wa wanda ya ɗauke shi bai miƙa ba. A 2007, a shari'ar Ndukwe, kotun ta tabbatar da dakatar da wani lauyan a kan irin wannan riƙon kuɗi, ta kuma ƙi amincewa da hujjar cewa sai an fara gurfanar da shi a kotun laifi kafin kwamiti ya taɓa shi. Wannan hukunci yana da nauyi ga mutumin karkara, domin yana nufin ba sai ya bi ta ofishin 'yan sanda ba, inda sau da yawa ake ce masa "wannan maganar ku ce ta cikin gida, ku je ku sasanta". Daga wancan lokaci zuwa yau kwamitin ya goge sunaye da dama, ya dakatar da wasu na shekaru, kuma mafi yawan abin da ke kai su gabansa shi ne kuɗin mutane da filaye.

Inda maganar ke ɗaure kai shi ne idan ta hau kan manya.

Tarihin ya fara ne da wata shari'a da kowane ɗalibin lauya ya sani. A 1981 aka tuhumi lauya Gani Fawehinmi da tallata kansa, saboda wata sanarwa a mujallar West Africa game da littafin rahotannin shari'a da ya tace, wadda ta kambama sunansa. Wanda ya tayar da tuhumar shi ne Antoni Janar na tarayya, Richard Akinjide, kuma a lokacin shi ne doka ta ɗora a kan shugabancin kwamitin ladabtarwa. Fawehinmi ya ce mai ƙara ba ya zama alƙali. A 1985 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Hukunci ne mai kyau, babu mai hankalin da zai ƙi shi, kuma shi ya sa aka sake fasalin kwamitin. Amma tun daga nan ya zama cewa hanyar da ta fi sauƙi ga lauyan da ya san kan aiki ita ce ya bar maganar laifin a gefe, ya kama kwamitin da kuskuren tsari.

A watan Mayun 2015 kwamitin ya ba da umarnin goge sunan Kunle Kalejaye, babban lauya mai lambar SAN, bisa samunsa da yin hulɗa a asirce da Mai shari'a Thomas Naron, shugaban kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamnan Osun, a daidai lokacin da Kalejaye ke kare ɓangaren Gwamna Oyinlola a gabansa. Shi alƙalin tun 2013 aka yi masa ritayar dole. Jama'a suka ce to, yau dai an taɓa babba. A 2019 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, domin mambobin kwamitin sun yi ta canzawa a tsawon zaman, har waɗanda ba su saurari dukkan shaidu ba suka sa hannu a hukunci. Kotun ba ta yi kuskure ba. Wanda bai ji shaida ba, ba shi da hurumin yanke hukunci, ko a gaban alƙalin ƙauye haka abin yake. Laifin na kwamitin ne, wanda ya ƙunshi manyan alƙalai da manyan lauyoyi da suka fi kowa sanin wannan ƙa'ida, amma ayyukansu na yau da kullum suka hana su zama a kan shari'a guda daga farko har ƙarshe.

Joseph Nwobike, shi ma mai lambar SAN, Babbar Kotun Legas ta ɗaure shi kwana 30 a 2018 bisa yunƙurin karkatar da shari'a. A watan Disambar 2021 Kotun Ƙoli ta wanke shi, kuma cikin dalilanta akwai cewa hukumar EFCC ba ta da hurumin gurfanar da mutum a kan irin wannan laifi. A wannan watan ne dai kotun ta tabbatar da cewa Michael Aondoakaa, Antoni Janar na zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, bai cancanci riƙe muƙamin gwamnati ba, saboda ya yi amfani da ofishinsa wajen hana bin hukuncin kotu a wata rigimar kujerar majalisa a Akwa Ibom. Amma a lura: hukuncin farko a kansa tun 2010 aka yanke shi a Kalaba. Shekara goma sha ɗaya kafin magana ta tsaya. Wanda ya kai shi ƙara ɗan siyasa ne mai hali. Mai gona kadada biyu ba shi da numfashin wannan gudu.

Har ma inda ake ɗaukaka ƙara daga kwamitin ya zama abin jayayya. A shari'ar Aladejobi ta 2013 da ta Akintokun ta 2014, Kotun Ƙoli ta ce ba kai tsaye ake zuwa wurinta ba, sai an bi ta wani kwamitin ɗaukaka ƙara na majalisar dattawan, alhali a shari'ar Okike ta karɓi ƙara kai tsaye. Tushen ruɗanin abin takaici ne: lokacin da aka tattara dokokin tarayya a 2004, an bar wani gyara na 1994 a waje. Sana'ar da ke cin abinci da tsantsenin rubutu ta shafe shekaru ba ta da tabbacin wane rubutu ne dokarta. Duk wannan lokaci, lauyan da aka hukunta yana ɗaukaka ƙara, hukuncin yana jiran ƙarshenta, shi kuwa yana ci gaba da karɓar sababbin mutane a ofis.

Ga kuma nisa. Kwamitin a Abuja yake zama, fiye da kilomita 300 daga Funtua, ta hanyar Zariya da Kaduna wadda kowa ya san halin da ta shiga a shekarun nan. Ƙa'idojin kwamitin na 2020 sun kawo sauƙi a takarda, domin mai kuka na iya miƙa takardarsa ta hannun Babban Jojin jiha, ko Antoni Janar na jiha, ko shugaban reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta NBA mafi kusa, kamar reshen Funtua. Amma takardar da Turanci za a rubuta ta, da rantsuwa a haɗe, da kwafin hujjoji. Wa zai rubuta masa? Wani lauyan. A garin da lauyoyi ba su da yawa, kullum suna haɗuwa a harabar kotu ɗaya, suna zuwa sunan 'ya'yan juna, samun wanda zai ɗauki alƙalami a kan abokin aikinsa ba ƙaramin aiki ba ne. Hujja kuma ita ce babbar matsala. An ba da kuɗin hannu da hannu, babu rasit, shaida ɗaya shi ne dillalin da ya kai mutum ofishin, shi ma da kamashonsa a ciki. Dokokin ɗa'a sun haramta wa lauya raba lada da 'yan kamasho, amma duk wanda ya taɓa zama a inuwar bakin kotu ya san ana yi.

A ce ma mutum ya jure duk wannan, ya yi nasara, an goge sunan lauya, an umarce shi ya mayar da kuɗi. Idan ya riga ya cinye fa? A nan ne tsarin Najeriya ya bar rami mafi zurfi, kuma a nan ne duba wasu ƙasashe ke da amfani.

A Ingila, inda Najeriya ta ɗauko rigar da gashin, an raba sana'ar gida biyu: masu tsayawa gaban manyan kotuna, da masu zama a ofis suna riƙe takardu da kuɗin mutane. A Najeriya mutum ɗaya ke yin duka biyun. Su na ofis ɗin a Ingila suna da kotun ladabtarwa ta musamman da dokar 1974 ta kafa, da hukumar sa ido ta SRA da aka kafa a 2007, wadda ba ita ce ƙungiyar da ke kare muradun lauyoyi ba. Matsayinsu a kan rashin gaskiya mai tsauri ne. A shari'ar Bolton, a ƙarshen 1993, Mai shari'a Thomas Bingham ya kafa ƙa'idar da suke bi har yau, cewa amincin sana'ar ya fi makomar mutum ɗaya a cikinta, don haka wanda aka kama da rashin gaskiya kusan ko yaushe kora ce. Amma ba tsaurin ne abin koyi mafi girma ba. Kowane ofishin lauya dole ya yi inshorar da za ta biya idan ya jawo wa mutum asara. Akwai kuma asusun diyya da kowane lauya ke zuba wa kuɗi duk shekara, don biyan waɗanda aka sace wa dukiya. A watan Oktoban 2023 hukumar ta rufe kamfanin lauyoyi na Axiom Ince bayan an gano fiye da fam miliyan 60 na mutane sun yi ɓatan dabo. An soki hukumar da sakaci, kuma sukan ya dace. Amma waɗanda abin ya shafa sun san ƙofar da za su buga, kuma sauran lauyoyi ne suka ɗauki nauyin: gudummawar kowane ɗaya ta tashi daga fam 30 zuwa 90. Idan ɓarnar abokin aikinka za ta fito daga aljihunka, ba za ka rufa masa asiri ba.

Ba sai an je Landan ba ma. A tsarin Faransa, wanda Nijar ta gada, lauyoyin Paris sun ƙirƙiro wani asusu na bai ɗaya tun 1957, ana kiransa CARPA. Kuɗin da lauya ya karɓo wa wani ba ya kwana a asusunsa, sai ya bi ta wannan baitulmali da ƙungiyar lauyoyi ke kula da shi, a duba daga ina ya fito, wa za a ba. Dokar 2014 kan aikin lauya ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin CFA, ta tanadi irin wannan asusu ga ƙasashen ƙungiyar, har da Nijar. Hikimar a fili take: maimakon a jira kura ta ci akuya sannan a kafa kwamiti, sai a ƙi ba ta ajiyar tun farko. Dokar Lauyoyi ta Najeriya ba ta tanadi asusun diyya ba, ba ta tanadi baitulmalin bai ɗaya ba. Abin da ta tanada shi ne ikon Majalisar Lauyoyi ta ƙasa ta binciki littattafan asusun kowane lauya, iko ne kuwa da ba kasafai ake jin an motsa shi ba.

Adalci ya wajaba ga lauyoyin su ma. Ba duk wanda ya faɗi a shari'a aka cuta ba, kuma ba duk jinkiri ne daga lauya ba. A 2021 ma'aikatan kotuna sun rufe ƙofofi fiye da wata biyu a duk faɗin ƙasa. Alƙali na tafiya taro, ana canza masa wurin aiki a fara shari'a daga farko, rashin tsaro na hana shaidu fitowa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Matashin lauya da ya gama makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ya buɗe ɗan ofis a Funtua sau da yawa abin da yake samu a wata bai kai na mai shagon taki ba, ga mutanen da ke ganin shawara ba abin biya ba ce. An fitar da sabon jadawalin mafi ƙarancin lada a 2023 don a rage wannan ƙunci. Talauci dai ba ya halatta taɓa amana, amma wanda ke son a daina taɓawa dole ya kalli abin da ke tura hannu.

Jama'a ma suna da nasu kason, kuma wannan sai an faɗe shi ko da ba daɗi. Tambayar farko da mutane da yawa ke yi kafin su ɗauki lauya ba ita ce "ya iya aiki?" ba, ita ce "ya san alƙalin?" Wanda ya ba da kuɗi a kai wa alƙali ya riga ya ɗaure bakinsa da kansa. Ko lauyan ya kai, ko ya soke a aljihu, ba shi da fuskar kai ƙara, kuma macutan cikin sana'ar sun san haka sarai. Da yawa daga abin da ake kira "na alƙali" bai taɓa ƙetare ƙofar ofishin lauya ba, amma sunan alƙalin ya ɓaci a ƙauye guda.

Sai kuma na bogi, waɗanda kwamitin ba shi da iko a kansu domin tun asali ba sa cikin rajista. Doka ta mai da shi laifi mutum ya yi shigar lauya, ko ya rubuta takardar cinikin fili ko gona don a biya shi alhali ba lauya ba ne. Don maganin wannan ne NBA ta fara tilasta hatimi mai ɗauke da sunan lauya da lambarsa a 2015, kuma a shekarar Kotun Ƙoli, a shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi tsakanin Sarkin Yaƙi Bello da Atiku Bagudu, ta ce takardar da ba ta da hatimin ba ta cika ba sai an gyara. Wannan makami ne da ko wanda bai yi boko ba zai iya riƙewa: ya duba ko akwai hatimi, ya sa ɗansa ya karanta masa sunan da ke jiki ya ga ko shi ne na mutumin da ke zaune gabansa. Kuskuren sa hannu ba wasa ba ne. Tun hukuncin Okafor da Nweke na 2007, an yi watsi da shari'o'in da aka shafe shekaru ana yi saboda kawai an sa sunan ofis a madadin sunan lauya. Asarar kuwa a kan mai ƙara ta faɗa.

Gyaran dokar kanta aikin Majalisar Tarayya ne, kuma an daɗe ana kai ƙudurori ana dawowa. Amma akwai abin da ba ya jiran Abuja. Babu dokar da ta hana reshen NBA na Funtua buga takarda guda da Hausa, da boko da ajami, a manna ta a ƙofar kowace kotu daga Malumfashi zuwa Dandume, tana cewa: karɓi rasit, nemi a rubuta lada kafin a fara aiki, ga inda ake kai kuka, ga lambar waya. Babu abin da ya hana a karanta sunayen waɗanda aka kora ko aka dakatar a gidajen rediyon jihar, tunda hukuncin kwamitin ba sirri ba ne, kuma wanda aka kora a wata jiha yana iya tahowa inda ba a san shi ba ya kafa allo. Ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke aiki tun 1976, na iya ware ranar da zai taimaka wa marasa hali rubuta irin wannan ƙorafi, don kada mai kuka ya dogara da abokin wanda yake ƙara. Hakimai da dagatai, waɗanda cinikin gona ba ya ƙulluwa sai da saninsu, suna iya dagewa cewa kuɗin ciniki ya tafi kai tsaye asusun mai gona ko na magada, ladan lauya kuma a biya shi daban a gaban shaidu.

Shi kuma kwamitin, tunda kotuna sun koyi sauraron shaida ta bidiyo a lokacin annobar korona, babu dalilin da zai sa dattijo ya kwana a tashar mota a Abuja don ya faɗi magana ta minti ashirin. Ɗaki ɗaya a Babbar Kotun Funtua, da tafinta, da intanet mai ƙarfi, ya wadatar. Kuma kowace shekara, kafin ƙarshen watan Maris, lauya na biyan kuɗin sabunta izinin aiki. A wannan gaɓar ce ya kamata a ce ya haɗa da shaidar akanta cewa asusun kuɗin mutane yana nan daban kuma lissafinsa ya daidaita, a kuma yanki wani kaso na abin da ya biya a zuba a asusun diyya. Lauyoyi masu gaskiya, waɗanda su ne suka fi yawa a Funtua da Malumfashi kamar ko'ina, za su yi ƙorafin ƙarin ɗawainiya, kuma ƙorafinsu abin saurare ne, musamman ƙananan da ke fama. Ana iya sa manyan ofisoshin Legas da Abuja su ɗauki kaso mafi tsoka, a sassauta wa wanda bai kai shekara biyar da fara aiki ba.